Yadda za ka tantance ƙungiyar besbol ta jami'a a Amurka kafin ka tura ɗanka

Besbol, wasan bugun ƙwallo da sanda, ba wasanmu ba ne a Sakkwato, ko a filin Giginya ba za ka ga ana buga shi ba. Shi ya sa idan dillali ya zo wa uba da zancen gurbin karatu na wasa a Amurka, sai a rasa inda za a kama bakin zaren. Abu uku ake dubawa: yawan 'yan wasa, kuɗin ƙungiya, da sakamakon karatu. Dukkansu suna intanet kyauta.

Fara da sanin rukunin makarantar a hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka. Rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa ko sisi. A rukuni na biyu, kwatankwacin cikakken tallafin mutum 9 ne ake raba wa ƙungiya gaba ɗaya. A rukuni na ɗaya an daɗe ana kan 11.7, sai a 2025 aka sauya: makarantun da suka shiga sabuwar yarjejeniyar biyan 'yan wasa ba za su wuce 'yan wasa 34 ba, amma suna iya tallafa wa dukkansu. Suna iya, ba wai dole ba ne. Don haka buɗe shafin ƙungiyar ka ƙirga sunaye, ka ga mutum nawa ne ke matsayin da ɗanka ke bugawa, sannan ka sa koci ya rubuta maka adadin dalar da zai bayar da shekarun da tallafin zai ɗauka. Yawanci na shekara ɗaya ne, ana sabuntawa.

Kuɗin ƙungiya kuwa yana shafin EADA na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka, inda jami'o'i ke bayyana kuɗaɗen wasanninsu. A nan ake yawan ruɗewa: sai ka ga kuɗin shiga ya yi daidai da na kashewa cif, domin abin da makaranta ta cika daga aljihunta ana lissafa shi cikin kuɗin shiga. Na kashewa za ka duba, na shekaru uku a jere. Idan yana raguwa, tallafin ɗanka na cikin haɗari.

Karatu shi ne ya fi muhimmanci, kuma ma'auninsa a rukuni na ɗaya shi ne APR, makin ci gaban karatu da NCAA ke ba ƙungiya a kan 1,000. Kowane zango, ɗan wasa mai tallafi yana kawo maki biyu: ɗaya don ya ci darussansa, ɗaya don ya ci gaba da zama a makarantar. A ce su 30 ne, maki 60 ke nan. Aka rasa huɗu, sakamako 933. Aka rasa biyar, ya faɗo 917. Idan matsakaicin shekaru huɗu ya gaza 930, ana iya hana ƙungiya shiga gasar ƙarshen kakar wasa. Wasanni har 56 ake bugawa daga Fabrairu zuwa Mayu, ga tafiye-tafiye, saboda haka ƙungiyar da ke lilo kusa da 930 alama ce ba a kula da ajin yara.

Shi ma yaron sai ya yi rajista a cibiyar tantancewa ta NCAA da sakamakonsa na sakandare. Rukuni na ɗaya yana neman darussa 16 da matsakaicin maki 2.3 cikin 4. Giɓin da tallafi bai rufe ba, kai za ka nuna shaidarsa a banki kafin makaranta ta ba da takardar I-20, wadda ake neman bizar karatu da ita. Kada ka dogara da aikin da yaro zai yi can, domin bizar karatu ta F-1 awa 20 kawai ta yarje masa a mako lokacin karatu, a cikin harabar makaranta.