Karatun yara a gida a Amurka: inda iyaye suka fi yin tuntuɓe

Idan ka leƙa ta taga, gidan da yaro ke makarantar intanet da gidan da iyaye ke koyar da shi da kansu iri ɗaya ne: yaro a teburin cin abinci, kwamfuta a gabansa, uwa na kai-kawo tsakaninsa da tukunya. A wurin hukuma kuwa hanyar jirgi daban, ta mota daban. Yaron da ke makarantar gwamnati ta intanet, irin su Connections Academy ko waɗanda kamfanin Stride ke gudanarwa, ɗalibin gwamnati ne kamar kowa, ajinsa ne kawai ya dawo falo. Wanda iyayensa suka cire shi suka ɗauki nauyin karatun da kansu kuwa, iyayen ne makarantar: su ne hedimasta, su ne malamai, su ne masu ajiye takardu.

Kuskuren da ya fi yawa, wanda ni ma na faɗa, shi ne shiga makarantar intanet da tunanin an samu 'yanci. Na sa ɗana a wata makarantar jiharmu don safiya ta zama ta hadda, boko ya koma bayan azahar. Sai ga darasin lissafi kai tsaye ƙarfe sha ɗaya, daidai lokacin da malaminsa na Alƙur'ani yake kira daga Kano bayan la'asar ɗin can. Yaro ya saka abin sauraro a kunne ɗaya, wayata a ɗayan, bai samu tsuntsu ba bai samu tarko ba. Laifina ne, ban tambaya ba. Kafin ka cike fom, nemi jadawalin mako, ka ji wane darasi ne dole a halarta kai tsaye, wanne ake iya kallo daga baya. Ana lissafa halarta, kuma yawan fashi yana iya kai ku gaban hukuma kamar yadda yake a makarantar unguwa.

Haka batun tafiya gida. Mutanenmu kan ce, ai sai mu ɗauki kwamfutar mu yi wata uku a Najeriya ko Nijar. Kujerar yaron ta mazauna jihar ce, kuma daga aji uku zuwa takwas akwai jarrabawar jiha ta lissafi da karatu kowace shekara, wadda galibi sai an kai yaro da ƙafarsa inda suka zaɓa. A nemi izini a rubuce kafin a yanki tikiti.

Wasu kuma kalmar "kyauta" ce take ruɗarsu. Ba a biyan kuɗin makaranta, gaskiya ne, amma ana buƙatar babban mutum da zai zauna da yaro, musamman ɗan firamare. Binciken cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford a 2015 ya nuna ɗaliban irin waɗannan makarantun intanet suna bayan takwarorinsu da kimanin darasin kwana 180 a lissafi, kwana 72 a karatu, a shekara guda. A ganina babban dalilin shi ne yaron da aka bari shi da allon kwamfuta. Idan ku biyu kuna fita aiki tun safe, wannan hanyar ba taku ba ce.

Masu cin gashin kansu su ma da nasu ramin. Koyar da yara a gida halal ne a duk jihohi 50, amma kowace jiha da dokarta. Teksas ba ta neman rahoto daga iyaye. Niyok kuwa sai ka sanar da niyyarka, ka miƙa tsarin karatun shekara, ka kai rahoto sau huɗu, a kuma auna yaron a ƙarshe. Don haka kada ka ɗauki shawarar ƙawar matarka da ke Hiyuston ta Teksas kana zaune a Buronks ta Niyok. Kuma idan yaro yana da rajista a wata makaranta, a rubuta takardar cire shi. Daina zuwa kawai fashi ne a wurinsu.

Sai takardu, wanda ba a jin zafinsa sai an zo neman jami'a. Makarantar intanet ita ke ba da sakamako da takardar kammalawa. Idan kai ke koyarwa kuwa, kai za ka rubuta su, don haka tun daga aji tara a buɗe fayil: darussan da aka yi, littattafai, maki, samfurin aikin yaro. Littattafan ma a mafi yawan jihohi daga aljihunka za su fito.

Yaron da ke da buƙata ta musamman, kamar matsalar magana, makarantar gwamnati ko ta intanet ce dole ta yi masa tanadi bisa doka. Idan ka cire shi, abin da zai samu ya danganta da jiharku. Je ofishin ilimi na gunduma ka tambaya tukuna, kafin ka sa hannu a takardar cirewa.