Darasi na Tara: Ɓurɓushin Leda da Gubar Dalma a Jikin Makankari da Kifi

Makankari halittar ruwa ce mai ɓawo biyu, tana kwance cikin laka a gindin gulbi. Akwai danginta a teku, masu manne wa duwatsu da wasu zarurruka. Ba ta farauta. Ruwa take zuƙa ta tace abincinta, kuma babba ɗaya kan tace lita da yawa a yini. Duk dattin da ke ruwan sai ya bi ta cikinta.

Ledar fiya wata, robar lemo da tsohon zaren koma ba sa ruɓewa. Rana da ruwa ke farfasa su har su koma ɓurɓushin da bai kai milimita 5 ba. Idan ɓurɓushin ya jima a ruwa, wani yauƙi kan lulluɓe shi, sai dalma ta manne a jikinsa. Makankari ta haɗiye su tare. Masana sun gwada wannan a kan makankarin teku: robar na cushe mata ciki ta kasa cin abinci sosai, ƙarfe irin dalma kuma na lahanta matatarta, wato sashen da take tace ruwa da numfashi da shi, da sashen narkar da abincinta.

Dalma ba baƙuwa ba ce a nan. A shekarar 2010 gubarta ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gidaje. Ruwan sama na iya kwashe irin wannan ƙasar zuwa rafi, ga shi Gulbin Zamfara da Gulbin Ka duk Kebbi suke gangarawa. Akwai kuma zaibar da ake kama zinare da ita, da dalmar tsohon batir da wasu masunta ke narkarwa su yi wa birgi nauyi. Wannan ta ƙarshe an fi raina ta, alhali a tsakar gida ake yi, yara na shaƙar hayaƙin.

Idan kin sayo kifi, ki farke cikinsa ki zubar da hanji da matatar numfashinsa da ke gefen kai tun kafin wanki, domin nan ɓurɓushin roba ya fi taruwa. Ki binne su, kada kaji su ci. Makankari kuwa ɗungurungum ake cin ta, har da cikinta, shi ya sa ta fi haɗari. A jiƙa ta da rai cikin ruwa mai tsabta kwana ɗaya zuwa biyu, ana sauya ruwan safe da yamma, za ta fitar da yashi da wani kaso na robar. Wadda ɓawonta ya buɗe bai rufu ba ko an taɓa shi ta mutu, a yar da ita.

Inda ake yawan kuskure shi ne zaton wuta na kashe guba. Dahuwa, suya da banda na kashe ƙwayoyin cuta, amma dalma da zaiba suna nan daram. Jiƙon ma ba ya fitar da ƙarfen da ya riga ya shiga tsoka. Tafasa ruwa mai dalma ƙara masa ƙarfi yake yi, tunda ruwan ne ke ƙonewa. Zaiba ta fi taruwa a naman manyan kifaye masu cin 'yan uwansu, irin giwan ruwa, don haka mai juna biyu da ƙananan yara su fi cin ƙananan kifi. Kada a kamo makankari ko kifi a kududdufin wankin zinare ko a ƙasa da shi. Yaron da ke yawan amai, kasala ko jijjiga a irin wannan wuri, a kai shi asibiti a nemi gwajin dalma a jini.