Kwaɓin kek ba tuƙin tuwo ba ne

Hannun da ya saba da muciya shi ke ɓata wa yawancinmu kek. Mun taso ana ce mana tuwo sai ya tuƙu, sai mu kai wannan ƙarfin cikin kwaɓi, uwargida ta zuba fulawa ta yi ta bugu har kafaɗa ta ƙage. Ita kuwa fulawa, da ta jiƙa aka dinga juya ta, danƙo take yi, irin wanda mai burodi ke nema. Shi ya sa kek ke fitowa a danƙare, yana jan haƙori kamar ganda.

Bugun gaske kafin fulawa ake yinsa. Bota da sukari za ki buga, kamar minti 5 da na'ura, da hannu kuwa ya fi haka, har su yi haske su kumbura. Iskar da ta shiga a nan ita ce za ta ɗaga kek ɗin. Ƙwai ɗaya-ɗaya ake sawa, kada ki antaya su gaba ɗaya. Daga nan sai fulawar da kika tankaɗe tare da bakar hoda, ki raba ta uku, kina juyowa daga ƙasa a hankali. Garin na ɓacewa, ki tsaya.

Mu a nan Jos da ƙarin aiki. Da hunturu bota sandarewa take, sai ki ga an ɗora ta a wuta ta zama mai. Narkakkiyar bota ba ta riƙe iska. Ki yanka ta ƙanana, ki kife ta da kwano mai ɗumi har yatsa ya iya lotsa ta. Ƙwai mai sanyi ma yana tsinka kwaɓi, a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi minti 10. In ya riga ya tsinke, cokali ɗaya na fulawa zai haɗe shi.

Sai tsaunin da muke kai. Garin nan ya haura mita 1,200 daga teku, iska ba ta da nauyi, don haka kwaɓi kan tashi da garaje ya lotsa a tsakiya. Awon da ya yi wa ƙawarki ta Legas daidai yana iya kunyata ki ranar suna. Inda aka ce cokalin shayi ɗaya na bakar hoda, ki cire kamar rabin kwata daga ciki, ki ƙara madara cokali ɗaya ko biyu.

Fankek kuwa, ba fanken da ake tsomawa a mai nake nufi ba, 'yan gudaji a kwaɓinsa ba laifi ba ne. Ki bar shi ya huta minti 10, fulawar ta sha ruwa. Wuta tsaka-tsaki, mai ɗan shafe a kasko. Sai samansa ya yi ƙofofi za ki juya, sau ɗaya tak, kuma ban da danne shi da cokali.