Yadda na gyara rautar gidanmu

Kusan mako biyu wayifai ɗin gidanmu a Aboabo, nan Kumasi, yana yankewa, musamman bayan Isha'i idan yara sun taru da wayoyinsu. Na ɗauka matsalar layin intanet ce, ashe manhajar da ke cikin rautar, wato na'urar da ke raba wayifai, ce ta tsufa.

Na kifa rautar, na kwafi samfurinta da lambar sigarta daga takardar da ke manne a ƙasa. Nan ne ake yin hattara, domin fayil na wata siga yana iya kashe na'urar ɗungurungum. Daga shafin kamfanin da ya ƙera ta na sauko da sabon fayil na manhajar. Na haɗa kwamfuta da rautar ta kebul, na buga 192.168.0.1 (adireshin shafin saitin rautar) a burauza, na adana saitunana, sannan na loda fayil ɗin.

Fargabata ɗaya ce: dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki na nan Ghana. In wuta ta ɗauke ana tsaka da aikin, rauta na iya ƙin tashi. Sai na aro UPS na ƙanena, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta in an ɗauke, na jona. Na zauna ina kallon fitilunta har ta kunna kanta, ban taɓa komai ba.

Na sauya kalmar sirri. Yau kwana 10 ba ta yanke ba, alhamdulillahi.