Yadda ɗalibin da ba zai koma gida ba zai shirya wa hutun Kirsimeti a Ingila

Ɗaliban da suka iso a watan Satumba su ne wannan hutu ya fi wahalarwa, saboda suna auna shi da hutun Sallah na gida. A gida ko ranar idi mai shayi yana nan, ɗan acaɓa yana nan, mai kanti zai buɗe da an sauko daga masallaci. A Ingila ranar 25 ga Disamba gari mutuwa yake yi murus. Jami'a kanta takan kulle ofisoshinta daga wajen 24 ga wata har zuwa 2 ga Janairu, abokan zama su watse gidajen iyayensu, a bar ka kai kaɗai a bene mai ɗaki takwas. Duk abin da zai sa ka ji daɗin waɗannan kwanaki, kafin 24 ga wata ake gama shi.

Mataki na farko, tun a Nuwamba, ka ɗauko takardar hayar ɗakinka ka karanta. Yawancin ɗakunan jami'a ana ba da su na mako 40 zuwa 51, hutu yana ciki, babu mai tashinka. Amma akwai kwalejoji, musamman a tsofaffin jami'o'i irin su Oxford da Cambridge, da hayarsu ta zangon karatu ce kawai, sai ka nemi izinin zama ka biya kuɗin ƙarin kwanakin. Ko da hayarka ta haɗa da hutu, ka sanar da ofishin masauki cewa kana nan, domin wasu gine-gine ana rage musu ɗumama idan an ɗauka babu kowa. Idan a ɗakin cin abincin jami'a kake ci, ka tambayi ranar da za su sauke tukunya da ranar da za su ɗora. Sannan ka ajiye lambar masu gadin jami'a a wayarka. Su kaɗai ne ba sa tashi aiki, kuma ranar da ka fita zubar da shara ƙofa ta rufe da katinka a ciki, su ne za su buɗe maka.

Na biyu, kuɗi. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu hutun banki ne a Ingila, kuma hutu ne a Najeriya ma. Idan daga gida ake turo maka, ka matsa a turo kafin tsakiyar wata. Ka tuna kuma cewa kason haya na biyu, da na kuɗin makaranta ga masu biya kashi-kashi, galibi a Janairu suke faɗowa. Ka ware su gefe tun yanzu, kada rangwamen kantuna na ranar 26 ya cinye su. Ni a ganina ɗalibi ba shi da abin saya a wannan rangwame sai riga mai kauri ɗaya da takalmin da ruwa ba ya shiga.

Yanzu ga inda aka fi faɗuwa: abinci da kwanakin rufewa.

Doka ce a Ingila da Wales, tun 2004, cewa duk kantin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 280 ba zai buɗe ba ranar Kirsimeti. Ke nan Tesco babba, Asda, Sainsbury's, Aldi, Lidl, duk a kulle. Ranar 24 da wuri suke tashi, wasu ƙarfe 6 wasu 7 na yamma, idan kuma ta faɗo Lahadi to tun wajen ƙarfe 4. Ranar 26 wasu su buɗe na 'yan awanni, wasu kamar Aldi su ci gaba da rufewa. Kuskuren da ake maimaitawa duk shekara shi ne mutum ya ce "bari in je ranar 24 da yamma". Zai tarar da layi har bayan kanti, wurin burodi da madara da ƙwai an share shi tas, sai kwalaye. Ka yi babbar sayayyarka tsakanin 19 da 21 ga wata, da safe. Masu so a kawo musu gida su sani cewa lokutan kawo kaya na wannan mako tun makonni kafin nan ake kama su.

Ga mutum ɗaya na kwana goma, wannan ya isa: shinkafa kilo 5, taliya leda 4, tumatirin gwangwani 6, albasa kilo 2, mai lita 1, ƙwai 15, cinyoyin kaza kilo 2, nama kilo 1, garin semo ko na shinkafa don tuwo, madarar kwali mai daɗewa lita 4, da burodi 2 da za ka jefa a firiza ka riƙa ciro yanka biyu-biyu. Nama da attarugu da kayan miya ka saye su a shagunan halal ko na 'yan Afirka. A makon nan manyan kantuna sukan karya kuɗin karas da dankalin turawa da kabeji zuwa 'yan kwabbai don jawo masu saye, to ka kwasa, suna daɗewa a sanyi.

Ranar 22 ko 23 ka yi girki babba guda ɗaya: tukunyar jar miya, da ta kuka ko kuɓewa idan kana da su. Ka bari ta huce, ka raba a robobi takwas, biyu a firij, shida a firiza. Kada ka tura duka cikin firij ka ce ai gari da sanyi. Bayan kwana biyu zuwa uku miya ta fara juyawa. Shinkafa kuwa kada ka dafa ta mako. Dafaffiyar shinkafa da ta daɗe a waje tana ɓata ciki ko an sake ɗumama ta, don haka a sa ta firij cikin awa ɗaya, a cinye ta washegari, ɗumame sau ɗaya tak. Kafin abokan zama su tafi, ka sa kowa ya kwashe nasa daga firij, in ba haka ba kai za ka zauna da warin madarar wani har Janairu. Kuma idan kana soya kaza ka buɗe taga, ka kunna na'urar zuƙe hayaƙi, ka rufe ƙofar kicin. Ƙararrawar gobara ba ta san hutu ba, za ta fitar da kai waje cikin sanyi ka jira masu gadi.

Idan duk da haka wani abu ya yanke maka ranar 25, ƙananan shaguna doka ba ta hana su ba. A unguwannin Musulmi da yawa suna buɗewa: Whitechapel a Landan, Small Heath da Alum Rock a Birmingham, Rusholme a Manchester, da sassa da dama na Bradford. Sai dai da ƙafa za ka je, saboda haka ka tambayi mai shagon da ke kusa da kai tun ranar 22 ko zai buɗe.

Masu zama gidan haya a cikin gari da mita mai kati, ku loda wuta da gas kafin 24 ga wata, ku ninka abin da kuka saba sa wa. Zama a gida yini guda yana cin gas fiye da yadda ake zato, kuma idan mita ta ɗauke a daren 25 ba lalle ka sami shagon lodi a buɗe ba. Mai shan magani kullum, na asma ko na sikila ko na hawan jini, ya nemi sabuntawa daga likitansa kwana goma kafin hutu. Asibitocin unguwa a rufe suke ranakun hutu. Idan rashin lafiya ta taso a kira 111, layin hukumar lafiya, su za su faɗi kemis ɗin da ke buɗe. 999 ta abin da ya shafi rai ce.

Zirga-zirga ita ma haka. Ranar 25 babu jirgin ƙasa a duk faɗin ƙasar, a Landan babu na ƙarƙashin ƙasa, babu bas ɗin gari. Ranar 24 jirage sukan daina gudu tun farkon dare, ranar 26 kaɗan ne ke fita, sannan tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara ake manyan gyare-gyaren layin dogo, tafiyar awa biyu ta koma huɗu da canjin bas a hanya. Abin da ke gudu ranar 25 shi ne wasu motocin National Express tsakanin birane da filayen jirgin sama, sai tasi da kuɗinta ya hau. Idan wani ɗan'uwa ya gayyace ka wani gari, ka tafi 23, ka dawo 27, ku yi maganar wurin kwana tun farko. Katin rangwamen jirgin ƙasa na 'yan shekara 16 zuwa 25 fam 35 ne a shekara, yana cire kashi ɗaya cikin uku, kuma ɗalibin cikakken lokaci da ya haura 25 ma yana iya yi da shaidar jami'a. Ɗalibi Kirista da ke son zuwa coci ranar 25 ya nemi wadda zai iya takawa, ko ya tambayi 'yan cocinsu wa zai ɗauke shi. Musulmi kuma ya bincika ko ɗakin sallar jami'a zai kasance a buɗe, don sau da yawa yana cikin ginin da aka kulle, sai a nemi masallacin Juma'a a gari.

Sai duhu, wanda ya fi sanyi cin mutum. Wajen 21 ga Disamba rana tana fitowa a Landan bayan ƙarfe 8 kaɗan, ta faɗi kafin ƙarfe 4. A Scotland ya fi haka gajarta. Azahar wajen 12, La'asar kafin ƙarfe 2, Magariba kafin 4: salloli uku cikin awa huɗu. Wanda ya kwana yana kallo a waya har asuba ya farka ƙarfe 1, ya tashi ya tarar da Azahar na shirin fita, hasken da ya rage masa bai kai awa uku ba. Kwana huɗu a haka sai ka ga mutum ya daina wanka, ya daina ɗaga waya, yana cin biskit a kan gado. Maganinsa tsari ne mai tsauri: ka tashi da asuba kada ka koma, ka fita waje kullum tsakanin 11 da 2 ko da minti 30 ne, ko ana yayyafi. Hukumar lafiya ta NHS tana ba kowa shawarar shan bitamin D maikurogiram 10 a rana lokacin sanyi, masu baƙar fata kuma duk shekara. Kwalba ɗaya ba ta wuce 'yan fam ba. Mai ramuwar azumi, wannan ne lokacinsa, awa goma ne kawai. Ka sa lokacin kiran gida ya zama tsayayye, amma kada ya zama shi kaɗai ne muryar da kake ji. Ka nemi ɗalibai biyu ko uku da suka rage ku riƙa cin abincin dare tare. Idan ƙunci ya yi nauyi, 'yan ƙungiyar Samaritans, masu sauraron wanda ke cikin damuwa, suna ɗaga waya dare da rana kyauta a 116 123.

Ɗaki ya tsaya a digiri 18 zuwa sama. Hitar lantarki mai kilowat 2 tana cin kusan rabin fam a awa, awa takwas fam huɗu ke nan a rana, kuma yawancin ɗakunan jami'a sun hana ta. Robar ruwan zafi ta fi: kada a zuba tafasasshe, a cika kashi biyu cikin uku, a matse iska a ɗaure. Ka buɗe taga minti goma kowace safiya, musamman idan kana shanya a ɗaki, in ba haka ba baƙin fumfuna zai fito a bango a cire maka daga kuɗin ajiya.

Idan Bature ko wata ƙungiya ta gayyace ka cin abincin rana na ranar 25, ka je in kana so, amma ka faɗi abin da ba ka ci tun mako guda kafin nan, ba a kan tebur ba. Talo-talo ne babban nama, sai dai abin da ake cusa masa a ciki sau da yawa da naman alade ne. Abin da suke kira "pigs in blankets" alade ne ciki da waje. Romon da ake zubawa a kai yana iya zama da giya, haka ma kek ɗin Kirsimeti da "Christmas pudding", da jan abin sha mai ɗumi da ake miƙawa a kofi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ce kifi ko kayan lambu za ka ci. Ka riƙa cakulan ko ka dafa dafa-duka ka tafi da ita, ba a zuwa hannu rabbana.

Aiki: bizar ɗalibin digiri ta yarda da awa 20 a mako lokacin karatu, cikakken lokaci a hutu. Hutun shi ne wanda jami'a ta rubuta a kalandarta, ba ranar da ka gama lacca ba, kuma mako daga Litinin ne zuwa Lahadi. Masu digirin digirgir ba su da wannan hutu kai tsaye sai sun ɗauka a rubuce. Kai abinci a keke a matsayin mai zaman kansa haramun ne a wannan biza, ko a hutu. Mafi ƙarancin albashin da aka sa a Afrilun 2025 ya kasance fam 12.21 a awa ga ɗan shekara 21 zuwa sama. Ayyukan Kirsimeti tun Oktoba ake ɗiba, kuma albashin Disamba yakan zo da wuri, sai na Janairu ya yi nisa.

Jarrabawa da miƙa ayyuka suna jiranka a tsakiyar Janairu. Ka ari littattafai kafin laburare ya rage awanninsa, ka tura wa malami tambayarka kafin 15 ga wata, don ba zai amsa ba sai sabuwar shekara. Mai son leƙa Faransa yana buƙatar bizar Schengen ta shiga ƙasashen Turai daban, a Disamba kuma ya makara. Wanda ya canza shawara ya tafi gida ya tabbata fasfonsa na yanzu yana haɗe da bizarsa ta intanet a asusun UKVI, wato hukumar bizar Birtaniya, kafin ya tashi, kuma a dawowa kada ya sa kilishi ko dambun nama ko man shanu a jaka, an hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya da Nijar, ƙwacewa za a yi a filin jirgi.