Kurakuran da aka fi yi wajen jera memori a rediyon ham

A cikin rediyoyin ham, wato na masu lasisin kiran juna ta iska don sha'awa, Icom IC-7300 yana da gurbin memori 99, wato wuraren ajiye firikwensi, Baofeng UV-5R kuma 128, amma sai ka ga mai rediyon yana ta murje-murje don ya tashi daga zangon firikwensi na mita 20 zuwa na mita 40, har wanda yake son kira ya sauka. Yawanci matsalar daga yadda aka jera guraben take.

Babban kuskuren shi ne a ɗauka firikwensi kaɗai gurbi yake riƙewa. Yana riƙe salon da rediyo yake kai a lokacin ajiyewa, a wasu rediyoyin har da faɗin filta. Al'adar magana da murya ita ce salon LSB (gefen ƙasa na sigina) a ƙasa da megahaz 10, salon USB (gefen sama) a sama da haka. FT8, salon aika saƙo ta kwamfuta, bai bi wannan ba, USB ne a kowane zango. To, idan ka ajiye megahaz 7.074, firikwensin FT8 na mita 40, alhali rediyo yana kan LSB, duk sanda ka kira gurbin za ka ji ƙarar sigina tana tashi, kwamfuta kuwa ko kira ɗaya ba za ta fassara ba. Mutum sai ya shiga zargin waya da manhaja, a banza. Saita komai a VFO tukuna, wato inda ake murza firikwensi da hannu, ka gwada, ka ga ya yi, sannan ka ajiye.

Haka abin yake da rifita, wato tashar da ke karɓar siginarka ta sake watsa ta nesa. A zangon mita 2 tazarar karɓa da aikawa kilohaz 600 ce a bisa al'ada, kuma rifitoci da yawa ba sa buɗewa sai da CTCSS, wani ƙaramin sauti da rediyo ke haɗawa da muryarka, kamar haz 88.5. Ka manta ɗaya daga ciki, kana jin kowa, babu mai jin ka. Masu UV-5R su lura: idan da hannu ake shigarwa, sau biyu ake ajiyewa a gurbi ɗaya, na karɓa sannan na aikawa, kuma gurbin da ke da kaya sai an goge shi kafin ya karɓi sabo.

Sai zuba firikwensi bi da bi, yadda suka zo, kamar mai tara kaya a buhu. Yau na mita 80 a gurbi na 1, gobe na mita 15 a na 2. A ganina tsarin da ya fi sauƙi shi ne lambar gurbi ta faɗi zangon: 10 zuwa 14 na mita 10, 15 zuwa 19 na mita 15, 20 zuwa 29 na mita 20, 40 zuwa 49 na mita 40, 80 zuwa 89 na mita 80. A kowane rukuni ka riƙe jeri ɗaya, misali CW (saƙon Morse) farko, FT8 na biyu, murya na uku, ka bar sauran fanko saboda gaba. Ka kuma sa wa kowane gurbi gajeren suna.

Wasu ma ɓata gurbi suke yi kan abin da rediyo ya riga ya yi musu. Rediyoyin Icom da yawa suna tuna wurare uku a kowane zango, da salonsu. Danna maɓallin zangon sau da sau, yana zagayawa da kai.

Kwafar jerin wani daga intanet kuwa tana da haɗari. IARU, ƙungiyar masu rediyon ham ta duniya, tana da yankuna uku, kuma iyakoki sun bambanta: a Yanki na 1, wato Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya, mita 2 ya tsaya a megahaz 146, a Amurka ya kai 148. Firikwensin kiran Amurkawa, 146.520, yana wajen zangon mai lasisin Yanki na 1, inda ake kira a 145.500.

Bayan duk wannan wahala, ka ajiye kwafi a katin SD ko a kwamfuta, domin cikakken riset, wato mayar da rediyo yadda ya fito daga kamfani, yana share komai. Idan da CHIRP kake aiki, wato manhajar shirya memori ta kwamfuta, fara sauko da abin da ke cikin rediyon ka adana shi, kafin ka tura masa wani sabo.