Sababbin zuwa Birtaniya, ga yadda maganar riƙon yara take a nan

'Yan uwa sababbin zuwa, gara ku ji wannan tun yanzu kafin ku ci karo da shi a ƙofar makarantar yaranku. A Ingila da Wales tun ƙarshen 2005 doka ta ba 'yan jinsi ɗaya masu zaman tare, maza biyu ko mata biyu, damar ɗaukar yaro su zama iyayensa a gaban kotu, Scotland ta biyo baya a 2009, Ireland ta Arewa a 2013. Riƙon wucin gadi da ake ce wa fosta ma haka yake, dokar daidaito ta 2010 ta hana kansul, wato ƙaramar hukuma, ko wata hukuma ta juya wa mutum baya saboda jinsin wanda yake so. Mu da muka taso a Najeriya inda dokar 2014 ta yanka shekara 14 a kan auren jinsi dole abin ya zo mana wani iri, amma idan yarinyarki ta dawo ta ce ƙawarta babanni biyu gare ta, don Allah kar ki sa mata mummunar kalma a baki, waccan yarinyar ba ta yi wa kowa komai ba, wataƙila ma sai da ta sha wuya kafin ta samu gidan da ake jiranta da abinci. Wanda kuma abin ya shafe shi a cikinmu, wannan haƙƙin nasa ne shi ma, in ya kai shekara 21 yana da zama tabbatacce zai iya nema.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa za a kai yaranmu gidan da ba su so, alhali ko fom ɗin fosta ba su taɓa karɓa ba. Dokar yara ta 1989 ta ce a duba addinin yaro da yarensa da al'adarsa, kuma dangi ake fara nema, to in soshiyal woka, wato ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, ta shigo gidanka kan maganar ɗauke yaro ka ba da sunan inna ko kawu da wuri, kar kunya ta hana ka. In ka nemi zama mai riƙo za su tambaye ka ya za ka yi da yaron da ya ce maka jinsinsa yake so, suna son su tabbatar ba zai wulaƙanta a hannunka ba.

Riƙo irin namu ma akwai ƙa'ida, yaro ƙasa da shekara 16 in zai zauna wurin wanda ba danginsa na kusa ba har kwana 28, sai an sanar da kansul.